Wa Zai Auna Mudun?

Maƙwabcina a Sakasaka ɗan kasuwar hatsi ne. Ya daɗe yana auna masara da dawa a kasuwar Aboabo, ba a kuwa taɓa jin an ce ya tauye wa wani kwano ba. Shi Musulmi ne, ni Kirista, amma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, kuma babu wata shawara mai nauyi da ɗayanmu yake yankewa bai leƙa wa ɗayan ba. Wata ranar hunturu da yamma ya shigo ya zauna a bencin ƙofar ɗakina, ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya buɗe baki.

Maganar ɗiyarsa ce. Ta gama digiri na farko, yanzu tana so ta koma jami'a ta yi na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam. Abin da take so ta ƙware a kai shi ne dabarun bincike, musamman binciken yadda mutum yake gani da yadda yake fahimtar abin da ya gani.

Ya ce, "Malam, da ta ce likitar ido za ta zama, da na gane. Amma mutum ya ɓata shekara biyu da kuɗin makaranta yana koyon yadda ake binciken gani? Wa bai san gani ba? Ai tun kakanni aka gama wannan magana, gani ya kori ji."

Ban amsa masa ba, gama ni ma ban san amsar ba a lokacin. Sai na aika a kira yarinyar. Ta zo ta durƙusa ta gaishe mu, ta ji ƙarar da aka kawo, sa'an nan ta roƙi takarda da alƙalami. Ta ja layi biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Na sama ta sa masa kan kibiya a kowane gefe. Na ƙasa kuwa ta buɗe masa baki a kowane gefe kamar gwafa. Ta ce, "Baba, wanne ya fi tsawo?" Ya duba sau ɗaya ya nuna mai gwafa. Ni ma shi na nuna. Ta karya tsinken tsintsiya daidai tsawon na sama, ta ɗora a kan na ƙasa. Daidai wa daida. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana awo ya karɓi tsinken ya gwada da hannunsa har sau uku. Abin da ya fi damunsa, ya ce, shi ne bayan ya tabbata tsawonsu ɗaya ne, idonsa bai daina ganin mai gwafa ya fi tsawo ba.

Wannan zane ba na yarinyar ba ne. Wani Bajamushe mai suna Müller-Lyer ne ya fito da shi a 1889. Tun kafin shi ma, kusan shekara 1000 da suka wuce, Ibnul Haisam ya rubuta babban littafinsa a kan gani a birnin Alƙahira, ya ware sashe guda a kan kurakuran ido. Hausawa kuma ba a bar su a baya ba, sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Matafiyi ya san kawalwalniya, manomi ya san yadda hazo yake nesanta dutsen da ke kusa. Saboda haka cewa ido yana ruɗuwa ba sabon labari ba ne. Tambayar da ta tsaya mini a rai tun daga wannan yamma wata ce dabam. Idan na ɗauki ma'auni na auna ganin wani mutum, na tarar ba ya gani yadda nake gani, me ya halatta in faɗa a kansa? Na lura wannan tambaya ba ta masu ilimi kaɗai ba ce, tambayar adalci ce. Abin mamaki kuwa, ƙasar nan tamu ta Dagomba tana cikin wuraren da aka gwada ta.

Bari mu bi labarin daga farko. A 1898 wani likita Bature, W. H. R. Rivers, ya tafi tsibiran Torres, tsakanin Ostareliya da Niugini, da kayan gwajin ido. A zamanin, Turawa da yawa sun gaskata cewa mutanen da suke kira na daji suna da kaifin ido irin na dabba, kuma wannan kaifi ne ya cinye musu ƙarfin tunani. Rivers ya auna, bai sami wannan kaifi na ban al'ajabi ba. Ya dai lura zanen kibiya da gwafa bai ruɗe mutanen tsibirin kamar yadda yake ruɗin Ingilishi ba.

Bayan shekara sittin da wani abu, waɗansu masana uku na Amurka, Segall da Campbell da Herskovits, suka ɗauki wannan zance da gaske. Suka rarraba littafin zane ga masu bincike a wurare dabam dabam, yawancinsu a Afirka, aka gwada mutum fiye da 1,800, suka buga sakamakon a 1966. Mutanen garin Evanston na Amurka su ne zanen ya fi ruɗa: sai an ƙara wa layi mai kan kibiya kusan kashi 20 cikin 100 na tsawonsa kafin su ce ya yi daidai da ɗan'uwansa. Mafarautan hamadar Kalahari kuwa kusan bai ruɗe su ba sam. Masanan suka ba da dalili mai daɗin ji. Suka ce wanda ya girma a duniyar kafinta, wato cikin ɗakuna masu kusurwa huɗu da tebur da akwati da titi miƙaƙƙe, idonsa ya saba ɗaukar kowace kusurwa alamar nisa ko kusa. Gwafa tana kama da lungun ɗaki da ke can nesa, kan kibiya yana kama da kusurwar gini da ta turo kusa, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa na nesa tsawo ba da sanin mai ita ba. Wanda ya girma a ɗaki mai da'ira bai koyi wannan ɗabi'a ba.

To, ina za a gwada wannan magana? Akwai wani malami, Gustav Jahoda, haifaffen Biyana a 1920, wanda ya tsere wa mulkin Hitila yana saurayi. Ya koyar a kwalejin jami'a ta Gwalkwas daga 1952 zuwa 1956, ya kuma ci gaba da dawowa Gana bayan ya koma Birtaniya. Ya ga cewa Gana ta haɗa abin da ake bukata a ƙasa ɗaya. Asante suna zaune cikin kurmi a gidaje masu kusurwa. Dagomba da Lobi suna arewa a buɗaɗɗen fili, inda ido yake tafiya har ƙarshen ƙarfinsa, kuma kusurwar kafinta ba ta yawaita a ƙauyukansu na lokacin ba. Ya gwada mutanen da ba su yi boko ba daga ɓangarorin biyu, ya buga abin da ya samu a 1966. Bambancin da ake sa rai a gani a kan zanen kibiya da gwafa tsakanin arewa da kudu bai fito ba.

Ina girmama Jahoda saboda wannan. Ra'ayin duniyar kafinta shi ne abin yayi a lokacin, manya ne suka kawo shi, kuma da sakamakonsa ya goyi bayansu da an fi ambaton sunansa. Ya rubuta abin da ya samu yadda ya same shi. Wannan shi ne cika mudu a kasuwar masana.

Akwai gwaji na biyu, wanda labarinsa ya fi ɗaci. A 1960 William Hudson, a Afirka ta Kudu, ya zana hoton maharbi riƙe da mashi. Gabansa akwai barewa. Tsakaninsu a kan takarda, an zana giwa ƙarama a kan tudu, wato alamar tana can nesa. Sai a tambayi mutum, wa maharbin yake nufi da mashinsa? In ya ce barewa, an ce yana ganin zurfi a hoto. In ya ce giwa, an rubuta cewa hoto a shimfiɗe yake ganinsa. Waɗanda ba su yi makaranta ba yawancinsu suka faɗi. A 1966 Alastair Mundy-Castle ya kawo irin wannan gwaji ga yaran Gana, kusan dukansu suka faɗi. Daga nan magana ta bazu cikin littattafai cewa ɗan Afirka ba ya gane nisa a hoto. Mai karatu ya tuna a wace ƙasa aka ƙirƙiro gwajin, da irin mulkin da ake yi a can a 1960, da irin kunnuwan da suke jiran jin wannan labari. Ban ce Hudson ya yi nufin mugunta ba. Amma kalma in ta fita daga bakin masani ba ta tambayarsa inda za ta sauka.

Sai wani mai bincike, Jan Deregowski, a Zambiya, ya yi abu mai sauƙi. Maimakon ya tambayi mutane da baki, ya ba su tsinkaye da ɗanko, ya nuna musu zane, ya ce su gina abin da suka gani. Da yawa daga waɗanda suka faɗi gwajin maharbi suka gina abu mai tsawo da fāɗi da zurfi. A 1974 Jahoda da abokin aikinsa Harry McGurk suka gwada yaran Gana da na Sikotilan da sabuwar hanya wadda ba ta dogara ga yawan tambaya da amsa ba, suka tarar yaran Gana suna gane zurfi fiye da yadda gwajin Hudson ya nuna nesa ba kusa ba. Idon yaran bai sāke ba a cikin waɗannan shekaru. Mudun ne aka sāke.

A nan ne na ga amsar tambayar maƙwabcina, ko da yake ba irin amsar da ya nema ba ce. Sa'ad da mai bincike ya rubuta cewa mutanen wuri kaza ba sa ganin abu kaza, shaida ya bayar a kansu. Shaida ce a gaban alƙalan da waɗanda ake magana a kansu ba za su taɓa gani ba, cikin harshen da ba sa ji, kuma ba a kira su su kāre kansu ba. Doka ta tara cikin Dokoki Goma, a Fitowa sura 20, ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Mun saba ɗauka cewa mai shaidar zur shi ne wanda ya san gaskiya ya ɓoye. Amma akwai wanda bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ya faɗi daidai abin da ma'auninsa ya nuna, sai dai bai taɓa tsayawa ya auna ma'aunin ba. Littafin Karin Magana sura 11 ya buɗe da ƙyamar da Ubangiji yake yi wa ma'aunin algus. Da na ambata wannan, maƙwabcina ya tuna mini cewa Alƙur'ani ma yana da sura guda da aka sa wa sunan masu tauye awo. Na tambaye shi, in yaronsa ya yi wata guda yana sayar da dawa da kwanon da gindinsa ya lotsa ciki, ba da saninsa ba, masu saye sun cutu ko ba su cutu ba? Ya ce sun cutu. Na ce laifin wa? Ya ce na maigidan da bai duba kwanon ba.

Abin da ake kira dabarun bincike, in aka tuɓe masa manyan kalmomi, duba kwano ne. Yarinyar ta bayyana mana kaɗan daga ciki, na kuwa ga kowace ƙa'ida an kafa ta ne a kan wani rauni na zuciyar mutum. Mai bincike yana son ra'ayinsa ya fito gaskiya, don haka a kan shirya gwaji yadda wanda yake yi wa mutane tambaya bai san amsar da ake fata ba, kada fuskarsa ko muryarsa ta ja su. Mai bincike yana iya sāke tambayarsa bayan ya ga sakamako, kamar maharbin da ya harba kibiya sa'an nan ya je ya zana da'ira inda ta faɗi, don haka yanzu a kan sa shi ya rubuta abin da yake nema da yadda zai ƙidaya tun kafin ya fara, ya ajiye inda kowa zai gani. In za a yi tambaya da Dagbanli ko Hausa, wani ya juya ta daga Turanci, wani dabam wanda bai ga ta farko ba ya mayar da ita, a gwada a ga abin da ya zube a hanya. Ba a kuma taɓa mutum sai an gaya masa abin da za a yi, ya yarda, ya kuma san yana da ikon tashi ya tafi.

Akwai abin da ita ta sani wanda ba lalle baƙo ya sani ba. A ƙauyukanmu, in baƙo mai daraja ya zo da tafinta, ya zaunar da dattijo ya nuna masa takarda, dattijon ba jarrabawa yake gani ba, baƙunci yake gani. Zai nemi amsar da za ta faranta wa baƙon rai. Yaro kuwa an hore shi kada ya dubi babba a ido, kada ya yi saurin amsa. Mai riƙe da agogo sai ya rubuta jinkiri, alhali ladabi ne ya gani. Wanda ya sha irin wannan tarbiyya shi ne zai gane ta tun daga bakin ƙofa. Amma sanin gida kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da horon awo, in ba haka ba maganarta za ta tsaya a matsayin ƙorafi, ba wanda zai sāke littafi saboda ita.

Mutanenmu kuwa ba su da yawa a wannan fage. A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu suka jawo hankalin duniya ga wani lissafi: kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun wannan ilimi sun fito ne daga ƙasashen da suke da kashi 12 kawai na jama'ar duniya. Da su aka auna ɗan Adam, aka ce ga yadda yake.

Sai dai in gargaɗi ɗiyar maƙwabcina, da duk ɗanmu da zai bi wannan hanya, a kan wani rami da ke ɗaya gefen. Labarin duniyar kafinta yana da daɗi a kunnenmu. Yana cewa Bature ne zane yake ruɗa, mu idonmu garau. Har Henrich da abokansa sun kafa hujja da shi. Amma a 2015 masu bincike a Indiya suka gwada yara 9 da aka haifa da yanar ido, aka yi musu aiki suka fara gani. Cikin kwana biyu da buɗe idonsu aka nuna musu kibiya da gwafa, zanen ya ruɗe su, alhali ba su taɓa ganin kusurwar ɗaki ba. An kuma samu yana ruɗin tantabaru da waɗansu kifaye, yana ruɗin mutum ko da yatsa ya shafa shi ido a rufe. A 2025 Dorsa Amir da Chaz Firestone suka tara waɗannan hujjoji, suka ce da wuya ginin kafinta ya zama tushen abin, suka kuma nuna raunin yadda aka tattara sakamakon 1966. Gardamar ba ta ƙare ba. Amma wanda ya ƙi sakamakon Hudson don ya ƙasƙantar da mu, sa'an nan ya rungumi na Segall don ya ɗaukaka mu, bai duba kwano ba shi ma, ya dai zaɓi wanda ya lotsa ta wajen da yake so. Masu wannan ilimi sun ɗanɗana kunyar irin wannan. A 2015 wata babbar ƙungiyar masu bincike ta maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga, waɗanda suka sāke fitowa yadda aka faɗa da fari ba su kai rabi ba. Abin yabo shi ne su da kansu suka tona, suka buga.

Maƙwabcina yana da sauran hujja, ba kuwa ƙarama ba ce. Ya ce garin da mata suke kwana a layin famfo, likitoci kuma ba su ishi marasa lafiya ba, ya dace ɗiyarsa ta tafi auna layi a takarda? Ban iya ce masa ƙishirwa ba ta fi gaggawa ba, gama ta fi. Na dai tuna masa cewa saƙo da yawa da ake aika wa wanda bai yi karatu ba da hoto ake aika shi: yadda za a sha magani, yadda za a haɗa ruwan gishiri da sukari, yadda za a fesa maganin ƙwari ba a shaƙa ba. Wani ne a ofis ya zana, ya ɗauka kowa zai ga abin da shi ya gani. Mu ma masu aikin bishara ba mu kuɓuta ba. Mun buga littattafan koyon karatu da hotunan labaran Littafi Mai Tsarki, mun ɗaga su a gaban jama'a a ƙauyuka, ni kaina na yi haka shekaru da yawa, ban kuwa tuna ranar da na tsaya na tambayi wata tsohuwa abin da take gani a takardar ba. Na gaya mata abin da ke ciki, ta gyaɗa kai, na ɗauka mun gama.

Wannan ya sa labarin makahon Betsaida, a Markus sura 8, ya zama mini sabo. Yesu ya ɗora masa hannu, sa'an nan ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin ya ba da amsa mai ban dariya, cewa mutanen da yake gani kamar itatuwa suke, suna yawo. Ba a tsawata masa ba, ba a ce masa ai ka warke, ka yi godiya ka tafi ba. An karɓi shaidarsa a kan idonsa, aka sāke ɗora masa hannu. Ba na so in mai da Bishara littafin kimiyya. Amma in Mai warkarwa da kansa ya ga ya kamata ya tambaya ya kuma saurari amsa, ban san dalilin da zai sa mai allo da agogo ya ga ya fi ƙarfin haka ba.

Maƙwabcina bai ce ya yarda ba a daren nan. An kira sallar magariba daga masallacin Afa Ajura, ya tashi ya naɗe takardar ya sa a aljihu tare da tsinken. Bayan kwana uku yaronsa na kasuwa ya gaya mini cewa Alhaji ya hana kowa sakat a rumfa, duk wanda ya zo sayen masara sai an nuna masa layi biyu an tambaye shi wanne ya fi tsawo. Ya gwada Dagomba, ya gwada Frafra, ya gwada wani direba Asante da ya kawo kaya daga Kumasi.

Da yamma ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, mutum goma sha ɗaya, duka mai gwafa suka nuna, sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ita ta ce daidai suke."

Ɗiyarsa tana tsakar gida tana wanke-wanke. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, da ka tambaye ta, yatsanka yana kan wane layi?"

Ya yi shiru yana tunani. Sa'an nan ya ce gobe in ta zo zai sāke tambayarta, hannunsa a aljihu.